Suna ma dukiya ne: darasin da albasar Galmi ta bar wa ƴan kasuwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa a lokacin kakar albasa ya san Galmi: buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Akara, Abijan da Kwatano. Jar albasar nan mai yaji, wadda ke jure ajiya, ta yi suna har ana neman ta da sunan garinta, kuma sunan nan shi ne ke sa mai saye ya ƙara kuɗi ba tare da dogon ciniki ba. Amma akwai lokacin da sunan ya so ya kuɓuce wa masu shi.

A shekara ta 2006, kamfanin sayar da iri na Tropicasem, mai mazauni a ƙasar Senegal, ya shigar da takarda a hukumar OAPI yana neman shaidar mallakar wani irin albasa da sunan "Violet de Galmi". Labarin bai bazu ba sai a shekara ta 2009. Hankalin manoma ya tashi, don gudun kada wata rana su wayi gari suna neman izinin wani kafin su sayar da irin da suka gada kaka da kakanni. Ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka ƙalubalanci buƙatar, daga ƙarshe kamfanin ya saki sunan Galmi, ya koma kiran nasa irin "Violet de Damani". Duk wannan rigima a kan takarda aka yi ta, kuma masana doka ne suka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Mece ce OAPI?

OAPI ita ce hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, cibiyarta na birnin Yawunde, ƙasar Kamaru. Tana aiki bisa yarjejeniyar Bangi da aka sa wa hannu ranar 2 ga watan Maris 1977, aka yi mata gyara a 1999, aka sake yi a Bamako a 2015. Ƙasashe 17 ne ke cikinta, har da Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Cadi, Kodibuwa da Senegal. Amfaninta ga ɗan kasuwa shi ne takarda guda tana kare shi a dukan ƙasashen 17 gaba ɗaya. Tambarin haja yana samun kariya ta shekara 10, ana kuma iya sabunta ta. Wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura ko sabuwar dabara yana samun shaidar shekara 20. Mazaunin Nijar ba ya buƙatar zuwa Yawunde, domin hukumar AN2PI da ke Yamai tana karɓar takardu ta aika da su.

Bayan rigimar iri, Nijar ta ɗauki darasi. A farkon shekarun 2020, OAPI ta yi rajistar albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da wurin da ake yin su, sannan cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi suka samu tambarin haɗin gwiwa na masu sana'ar.

Kuskuren da aka fi yi

Da yawa daga cikin ƴan kasuwa na zaton cewa tun da suna cikin rajistar kasuwanci, suna kuma biyan patanti, to sunan hajarsu ya zama nasu. Ba haka doka ta ce ba. Rajistar kasuwanci tana shaida cewa mutum ɗan kasuwa ne, patanti kuwa haraji ne. A ƙa'idar OAPI, tambari na wanda ya riga kai takarda ne. Mai yin sabulu, man gyaɗa ko ruwan leda na iya shafe shekara goma yana gina suna, wani ya riga shi zuwa ofis. Doka ta bar wa wanda ya fara amfani da tambarin ƙofar ƙorafi, amma wa'adinta gajere ne: tun daga shekara ta 2022, watanni uku ne bayan an wallafa buƙatar a mujallar hukumar. Wanda ba ya da mai duba masa wannan mujalla, sai dai ya ji labari bayan an rufe ƙofa. Haka kuma tambarin da aka bar shi shekara 5 ba a amfani da shi, kotu na iya soke shi idan wani ya nema.

Kuskure na biyu ya shafi iyaka. Nijeriya ba ta cikin OAPI, Gana ma haka. Takardar Yawunde tana aiki har Ɗan Isa, amma ba ta ƙetarawa Jibiya. Alhajin Maraɗi ko na Damagaram da ke kai hajarsa Katsina da Kano, dole ya yi wata rajistar a Abuja, inda kariyar farko ta shekara 7 ce, sabuntawa kuma ta shekara 14.

Abin da kamfanonin talho suka sani

Manyan kamfanoni ba su wasa da wannan. Masu talhon hannu a Nijar sun ga yadda Celtel ya zama Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010, bayan kamfanin Bharti na Indiya ya sayi rassan Zain na Afirka a kan dalar Amurka miliyan dubu 10 da miliyan 700. A 2019, kamfanin Orange na Faransa ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com. Turakun sadarwa, ma'aikata da masu layi sun koma hannun mai saye, amma sunan ya ci gaba da zama mallakar mai shi, shi ya sa daga baya aka koma kiran kamfanin Zamani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan cinikayya sai da lauyoyi suka tantance abin da aka sayar da abin da aka riƙe, tare da lasisin da hukumar kula da sadarwa, wadda ake kira ARCEP tun 2018, ke sa ido a kai.

Matasan da ke rubuta manhajar kwamfuta da ta talho su ma abin ya shafe su. Yarjejeniyar Bangi tana kare manhaja kamar yadda take kare littafi, wato ƙarƙashin haƙƙin mawallafi, kuma wannan haƙƙi yana samuwa tun ranar da aka yi aikin. Rigima takan taso ne tsakanin wanda ya rubuta da wanda ya biya kuɗi. Ɗan kasuwa ko ma'aikatar gwamnati da suka ba da aikin manhajar lissafi ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, suna iya samun kansu ba su da ikon gyara ta ko miƙa ta ga wani ma'aikaci.

Aikin lauya kafin rigima

A al'ada, ba a tuna lauya sai sammaci ya iso gida. A wannan fage kuwa, mafi yawan aikinsa kafin rigima ne: ya bincika ko wani ya riga ya ɗauki sunan, ya zaɓi rukunin kayan da za a kare, ya rubuta yarjejeniyar da ke fayyace mai mallaka, ya riƙa duba mujallar OAPI, ya tuna wa mai haja ranar sabuntawa. Idan kayan jabu suka shigo, takardar rajista ce ke ba mai tambari ƙafar tsayawa a gaban ƴan duwan da gaban alƙali.

Ma'aikatan hukuma ma na da nasu kason. Jami'in ma'aikatar kasuwanci ko na majalisar ƴan kasuwa da ya bayyana wa mai sana'a bambancin patanti da rajistar tambari, ya tsare masa dukiyar da ba a gani a sito. Hausawa sun ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Manoman Galmi sun yi sa'a labari ya iske su da sauran lokaci. Mai ƙaramar masana'anta a Tawa ko Maraɗi ba lalle ba ne ya samu gwamnati ta tsaya masa.