Kwamfuresa, Kontakta da Makunnin Iska

(Ƙarar kwamfuresa tana aiki, sai ta tsaya da ɗan huci)

Duk wanda ya taɓa ratsa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya kai mota wurin masu fenti, ya san wannan ƙara. Kwamfuresa ce, injin da ke ɗura iska a tanki. Ba wanda ya taɓa ta, da kanta ta tsaya, kuma in iska ta ragu da kanta za ta tashi. Shirinmu na yau kan yadda ake haɗa mata wuta ne.

Mai ba ta umarnin tsayawa da tashi wani ɗan akwati ne a saman tanki, makunnin iska, wanda masu gyara ke kira firesha suwic. A cikinsa akwai faifan roba da sifirin. Iska ta cika, sai ta tura robar, bakin ƙarfe biyu su rabu, wuta ta yanke. A injinan gareji da yawa an saita shi ya yanke a bar 8, ya mayar a bar 6. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take sha, don ku ji yawan iskar da ake magana.

In kwamfuresar ƙarama ce, mai doki ɗaya ko biyu, wutar moto ta cikin makunnin nan take bi, kuma lafiya lau. Rigimar tana farawa ne a babban inji. Ɗauki moto mai doki bakwai da rabi, wato kilowat 5.5, a kan layi uku na bolt 400. Yana cikin aiki, wajen amp 11 yake ja. Amma a daidai lokacin tashi yakan ja ninki shida ko bakwai na haka, kuma sau da yawa yake tashi a wuni. Bakin makunnin iska siriri ne. Duk tashi sai ya yi tartsatsi, ya yi baƙi, ya zaizaye, wata rana ya narke ya manne. Ranar da ya manne moto ba zai tsaya ba, tanki ya yi ta cika, ba abin da ya rage tsakanin mai shago da fashewa sai bawul ɗin tsaro, in ma yana aiki.

Maganin haka shi ne kontakta. A cikinta akwai koyil na siririyar waya. Wuta ta shiga, sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo ƙarfe, manyan baki uku su haɗe a lokaci guda: ƙwas! Koyil ɗin ko amp ɗaya ba ya ci. Shi kaɗai za a bar wa makunnin iska ya riƙa kunnawa da kashewa. Makunni ya zama mai kaya da ke nuni da yatsa, kontakta ce ɗan dakon da ke ɗauka. A ƙarƙashinta ake maƙala obalod, mai gadin zafi. Su biyun a akwati ɗaya su ne sitata.

Saboda haka hanyar wuta biyu ce. Ta kaurarar waya ba ta da wuya: layi uku daga bireka su shiga L1, L2, L3 a saman kontakta, su fito ta obalod su tafi moto. Wayar ƙasa kuma a ɗaure ta a jikin moto da akwatin.

Hanya ta biyu ita ce ke rikita yaran shago, to a kasa kunne. A ɗebo siririyar waya daga layi ɗaya, ta bi ta ƙaramin fis, ta shiga makunnin hannu na kunnawa da kashewa. Daga nan ta shiga makunnin iska ta fito, ta shiga lamba 95 a jikin obalod ta fito ta 96, sannan ta sauka a A1 na koyil. Duk a jere suke, ɗaya ya buɗe, koyil ya saki. Sauran A2. Kafin ka ɗaura masa komai, karanta abin da aka rubuta a jikin koyil. In bolt 230 ne, nutural za ka ba shi. In 400 ne, wani layin. Mai 230 da aka haɗa tsakanin layi biyu, kafin ka gama ɗaure murfi za ka ji ƙauri.

Akwai kuskuren da gwanaye ma ke faɗawa. Sun saba da sitatar injin niƙa, mai koren maɓalli da ja, inda lamba 13 da 14 ke riƙe kontakta bayan an ɗauke yatsa. Sai su kawo wannan haɗin ga kwamfuresa. In riƙon ya tsallake makunnin iska, inji ba zai taɓa tsayawa ba. In kuma an jera su, zai tsaya amma ba zai tashi ba sai an zo an danna, mai fenti yana tsakiyar feshi iska ta ƙare masa. Makunnin hannu mai juyawa ya wadatar.

Mu dawo kan obalod, don nan kuɗi ke zubewa. Yana da ɗan abin murɗawa mai lambobi, a saita shi daidai da amp ɗin da ke rubuce a farantin jikin moto. Kun san halin wutarmu: sai layi ɗaya ya ɗauke a taransifoma, biyu su rage. Moto ya kama gurnani, layi biyun su ɗauki kayan uku, zafi ya hau. Obalod ya yanke, ya yi aikinsa ke nan. Sai oga ya ce, "Kai yaro, je ka danna mana." A danna, ya sake yankewa. A murɗa shi zuwa ƙarshe. Wani ma tsinke yake cusawa ya danne kontakta, musamman in wuta ta yi ƙasa tana kakkarwa. Ni dai a ganina wannan tsinke ya ƙona moto fiye da yadda NEPA ta ƙona, kuma masu naɗin koyil ne kaɗai ke cin ribarsa. Mai hali ya ƙara rilen da ke lura da ɗaukewar layi, a jera shi a siririyar hanyar nan.

Hucin da ke biyo bayan tsayawa kuwa ba lalacewa ba ne. Wani ɗan bawul ne a gindin makunnin iska yake sakin iskar da ta maƙale tsakanin famfon da ke tura iska da tanki, don moto ya tashi ba nauyi a kansa. In ka sauya makunni, kada ka manta da siririn bututunsa.

Wannan haɗi yana da hali guda da ya kamata kowa a shago ya sani: in aka ɗauke wuta tanki bai cika ba, ana kawowa inji zai tashi ba sallama. Kada hannu ya kusanci bel sai an sauke bireka, an gwada da testa.

Ranar gwaji, a ba shi wuta na ɗan lokaci a dubi kibiyar da ke jikin babban wili. In baya yake juyawa, fankarsa ba za ta sanyaya famfo ba, sai a sauke bireka a musanya kowane layi biyu. Sannan a rufe mafitar iska, a sa wa agogon tanki ido, hannu ɗaya a kan bireka. Allura ta kai 8, ya kamata a ji ƙwas, huci ya biyo. In ta wuce ba a ji ba, a sauke nan take, a koma kan lamba 13 da 14.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.