Me ya sa kwamfuta ke ƙin karɓar sabuwar manhaja?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020.

Matakin ya shafi masu shagunan buga takardu da makarantu a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, inda ake yawan aiki da kwamfutocin hannu, kuma ɗalibai ke dogaro da su wajen koyon aiki da na'urar tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015.

Sai dai sau da yawa mai ƙoƙarin ɗora sabuwar manhaja yakan ga aikin ya cije a tsakiya, ko kwamfutar ta ƙi tashi bayan an gama.

Ina matsalar take?

Abu na farko shi ne ƙarfin na'urar. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta RAM mai gigabait 4, da wurin ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, don haka ko an maimaita aikin sau goma, amsar ɗaya ce.

Na biyu shi ne filas ɗin da ake ɗora manhajar daga cikinsa. Ana son mai gigabait 8 aƙalla, kuma idan intanet ta katse lokacin da ake sauko da manhajar, takan zo da giɓi. Maganin wannan shi ne a sake shirya filas ɗin daga shafin kamfanin.

Na uku shi ne wutar lantarki. Idan aka ɗauke wuta ana cikin rubuta manhaja a kan faifan ajiya, aikin kan lalace. Shi ya sa masu gyara ke cika batiri ko su tada janareta kafin su fara.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma sukan toshe fankar na'ura, ta yi zafi har ta kashe kanta.

Mayar da kwamfuta baya

Tun daga Windows Me ta shekarar 2000 akwai wani tsari mai suna System Restore, wanda ke adana yanayin manhajar a wani lokaci, domin a koma masa idan abu ya ɓaci.

Tsarin ba ya taɓa takardu da hotuna, yana dai cire manhajojin da aka saka bayan wancan lokaci. Ba ya kuma dawo da takardar da aka goge.

A kwamfutoci da yawa masu Windows 10 a kashe yake zuwa, sai mai na'ura ya kunna shi da kansa. Wanda bai kunna ba, ranar da ya nema ba zai tarar da komai ba.

Idan tsarin ya gaza, yawanci manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta ce ta tare shi, ko kuma faifan ajiya ya samu rauni. Akan sake gwadawa ta hanyar Safe Mode, wadda ke tada kwamfuta da muhimman sassanta kaɗai, sannan a binciki faifan da umarnin chkdsk.

Ta Safe Mode ɗin ne ma aka gyara da yawa daga cikin kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi da suka tsaya a ranar 19 ga watan Yulin 2024, sakamakon kuskuren kamfanin CrowdStrike.

Babban haɗarin yana wajen goge faifai gaba ɗaya, wanda wasu masu gyara kan yi gaggawar yi. Wannan yakan tafi da sakamakon ɗalibai da lissafin ciniki na shekaru.

Don haka kafin a miƙa kwamfuta gyara, ya kamata a kwafe muhimman takardu a wani filas ko faifai na daban.