Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ke Nunawa Game da Cutar Sikizofireniya

A Hausa, kalmar "hauka" ko "taɓin hankali" ita ke ɗaukar cututtuka da dama a ciki ɗaya. A wannan ɗan rubutu zan taƙaita ne a kan guda ɗaya, wadda likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa wa suna sikizofireniya a 1908. Mai ita yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya yi imani da abin da babu shi, zancensa kuma ya riƙa warwatsewa.

Shekaru da yawa likitoci suna gardama kan ko akwai wata alama a jikin ƙwaƙwalwar kanta. A 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta a Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya da na'urar CT, suka ga guraben ruwan da ke tsakiyarta sun fi na masu lafiya faɗi. Binciken da ya fi burge ni shi ne na 1990 a Amurka. An duba tagwaye masu kama ɗaya, biyu-biyu har 15, ɗaya yana da cutar, ɗaya ba shi da ita. Na'urar MRI ta nuna cewa a mafi yawansu, mai cutar ne ke da guraben ruwa masu faɗi da ƙaramin hifokamfus, wato sashen da ke taimaka wa tunawa. Tunda gadonsu ɗaya ne, ashe gado kaɗai bai isa ya bayyana cutar ba.

Mu ɗaliban harshe ga inda abin ya shafe mu. Sashen ƙwaƙwalwa da ke saman kunne, wanda ke fahimtar magana, na cikin wuraren da akan ga sun kankance, kuma wasu bincike sun danganta hakan da jin muryoyi.

Sai dai a yi hattara. Bambancin na matsakaicin rukuni ne, kuma ƙarami ne. Akwai marasa lafiya da hotonsu bai nuna komai ba, akwai kuma lafiyayyu masu faɗin guraben ruwa. Magungunan da ake sha shekara da shekaru ma suna iya sauya girman wasu sassa. Shi ya sa har yau likita ba ya gane cutar da hoto. Yana gane ta ne ta hanyar sauraron mara lafiya da danginsa. Idan ya tura a ɗauki hoto, yawanci yana so ne ya tabbatar ba ƙari ko wani rauni ne ya jawo alamomin ba.