Amfilifayar Masallaci: Mai Kwalba ko Mai Taransisto?

Duk wanda ya taso a Tudun Jukun kafin fitilar caji ta cika gari ya san halin fitilar ƙwai. Lagwani yana cinyewa, ƙwai yana yin baƙi, wata rana ya tsage, amma ba a yar da ita. A sayo lagwani, a goge ƙwai, ta koma bakin aiki. Fitilar caji kuwa babu ruwanta da wannan hidima, sai dai ranar da ta mutu ba ta sallama.

Kusan haka amfilifaya mai kwalba take da mai taransisto. Kwalbar nan, wadda Lee de Forest ya ƙirƙiro a Amurka a 1906, tana da zaren ƙarfe a ciki da sai ya yi ja kafin sauti ya fito. Duk awar da ta yi a kunne tana cin kanta ne. Manyan kwalabe irin EL34 da 6L6 kan yi awa dubu kaɗan, sannan murya ta fara dusashewa. Amma a soket suke zaune, zarewa ake yi a sa wata, shi ya sa injin shekarun 1960 yake kiɗa har yau. To, ina kwalbar? A Rasha da Sulobakiya da Sin ake ƙera ta, da wuya ka same ta a shagunan Sabon Gari. Ga wutar cikin amfilifayar ta haura volt 400, tana iya kada mai gyara ko an zare filogi, kuma in aka buɗe mata murya babu lasifika a jone, taransifomarta na iya ƙonewa.

Taransisto, wanda aka gano a 1947, ba shi da abin da ke cinyewa. Ga masallacin unguwa ni shi na zaɓa, ba na ko tantama. Irin Ahuja ta Indiya tana aiki da batirin mota mai volt 12, ladan ya kira asalatu ko babu wuta.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu muke kashe ta. Ana kulle ta a akwatin ƙarfe saboda ɓarayi, babu ko ƙofar iska, ƙurar hunturu ta toshe ragarta, zafin bazara ya busar da kafasito. Sai kuma ƙarin lasifika. Hon ɗaya mai ohm 16 ne. A haɗa biyu kai da kai su koma 8, huɗu su koma 4. Wani bawan Allah ya kawo sadakar wasu biyu, a ɗaura a kan waya ɗaya ba a duba abin da ke rubuce a bayan injin ba. Taransisto ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, ana tsakiyar tafsirin azumi ya ƙone nan take, jama'a su ce injin jabu ne. Mai gyara zai canja shi, amma muddin hon shida na nan a wayar, sabon ma ƙonewa zai yi.