Abin da ya kamata ku sani kafin ku je ganin ƙaton madubin hangen taurari na Chile

A hamadar Atakama da ke arewacin ƙasar Chile, bisa wani dutse mai suna Cerro Armazones, ƙungiyar ƙasashen Turai mai binciken sararin samaniya, ESO, tana gina na'urar hangen taurari da ake kira ELT. A shekarar 2014 aka fasa kan dutsen da nakiya domin a samu shimfiɗaɗɗen fili. Tsayin wurin ya ɗan haura mita 3,000, ruwan sama sai a shekara ba a gani ba, sararin kuma garau yake kusan kowane dare. Wannan ne ya kawo Turawa nan.

Babban madubinta faɗinsa mita 39. Babu masana'antar da za ta iya zuba gilashi ɗaya mai wannan girman, don haka aka raba shi gida 798, kowane yanki mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, faɗinsa kusan mita ɗaya da rabi, kaurinsa santimita 5 kacal. A Jamus aka zuba su, a Faransa ake goge su, sannan jirgin ruwa ya kawo su Chile. Ƙarƙashin kowane yanki akwai na'urori masu gyara masa zama ba dare ba rana, domin duka su yi aiki kamar madubi guda. Iskar sama tana sa hoton taurari ya riƙa rawa, shi ya sa aka ƙara wani siririn madubi mai sauya siffa har sau 1,000 a daƙiƙa don ya gyara hoton.

Sai dai kada ku ɗauka za a bar ku ku shiga wurin ginin. Inda ake karɓar baƙi shi ne Paranal, mai nisan kusan kilomita 20, inda na'urori huɗu masu madubin mita 8.2 suka daɗe suna aiki. Daga can ana hango rumfar ELT a kan dutsenta. Ziyarar kyauta ce, amma sai an yi rajista tukuna, kuma da rana ake yin ta. Mai fatan ya ɗora ido ya ga taurari zai koma da takaici, domin masanan kansu a allon kwamfuta suke kallo.

Daga birnin Antofagasta zuwa Paranal tafiyar kusan kilomita 130 ce. Ku riƙe ruwan sha, hula da rigar sanyi, ku sa rufaffen takalmi.