Sukurun da ke riƙe ƙashin baya

A ƙauyukan Hawandawaki, kudancin gundumar Tasawa, kusa da iyakar Najeriya, rani lokacin hawan gawo ne. Ciyawa ta ƙare, gawo kuwa sai lokacin yake da ganye, samari su hau da gatari su saro wa dabbobi. Wanda reshe ya karye da shi ya faɗo a zaune, sau da yawa gaɓar ƙashin bayansa ce ke murƙushewa, daidai inda haƙarƙari suka ƙare. Haka ma wanda babur ya kayar. Mai ɗori na iya tallabar karayar hannu da karare, amma wannan ba ta ɗoruwa daga waje, ga kuma laka a ciki. In gaɓar tana motsi, sai an yi fiɗa an kafe ta da ƙarfe, aikin da sai manyan asibitoci irin na Yamai, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano da aka buɗe a 1959.

Kowace gaɓa tana da gajerun ginshiƙai biyu da suka haɗa gabanta da bayanta, laka na ratsawa ta tsakaninsu. Ta cikin ginshiƙan nan likita ke murɗa sukuru, dama da hagu, sama da ƙasan karayar, sannan ya haɗe kawunansu da sandunan ƙarfe biyu. Wani likitan Faransa, Raymond Roy-Camille, shi ya fara wannan dabara a 1963. Sukurun kugu yawanci na ƙarfen titaniyom ne, kaurinsa milimita 5.5 zuwa 7.5, tsawonsa 40 zuwa 50. Gwaje-gwaje sun nuna kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin riƙonsa daga ginshiƙin yake, don nan ƙashi ya fi tauri. Cikin gaɓar kuwa saƙa-saƙa ne.

Maƙerin sukuru yana tsakanin buƙatu biyu da ba sa ga maciji. Haƙoran da suka nannaɗe jikinsa, in sun yi zurfi, sun fi cizon ƙashi, zare shi sai da wuya. Amma zurfin nan daga jikin sandar ake sassaƙe shi, kuma siririyar sanda saurin karyewa gare ta. Lissafin ba na wasa ba ne: sandar milimita 5 ta kusan ninka ta milimita 4 wajen jure lanƙwasa. Ƙara kaurin sukurun gaba ɗaya kuma ba ya yiwuwa, don ginshiƙi na iya tsagewa, a taɓa jijiya, mutum ya tashi da ƙafa a mace. Saboda haka aka ƙera mai sanda kamar tsinke, kauri wajen kai inda ya saba karyewa, siranta wajen baki inda haƙora ke buƙatar zurfi. Akwai kuma mai haƙora iri biyu, ƙanana a matse don taurin ginshiƙi, manya a warwatse don laushin ciki. Ko ramin da ake fara hudawa, da gangan ake rage masa kamar milimita 1, sukuru ya shiga da matsi.

Duk da haka, ƙashin ne ke da ta cewa. Sukurun da kafinta ya ɗaura a ƙyauren da gara ta ci, kome kyansa, da hannu ma a zare shi. Tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye, ko wanda tarin fuka ya cinye wa gaɓa har ya yi doro, haka nasu yake. A kan sa musu sukuru mai ƴan huji a baki, a tura wani siminti na asibiti ta cikinsa ya daskare a gaɓar. Riƙo na ƙaruwa sosai, sai dai simintin na iya tsiyaya inda ba a so. A 2009 kuma masu bincike a Amurka suka karkata hanyar sukurun ta bi ƙashi mai tauri zalla, suka samu ƙarin riƙo na kusan kashi 30.

A ganina alƙaluman kamfanoni na buƙatar tankaɗe. Yawanci a cikin soson roba mai tauri suke ɗaura sukuru, inji ya fizge shi miƙe, sau ɗaya. Jikin mutum ba haka yake yi ba. Mai daka gero ko mai jan guga girgiza sukurun yake, sama da ƙasa, sau dubbai, har ramin ya buɗe. Ƙarfen ɗan riƙon ƙwarya ne kawai, kafin gaɓoɓin su haɗe da kansu cikin watanni. Wanda ya ji ciwo ya lafa ya koma duƙe a gona kafin lokacin, sukurunsa na iya kwancewa ko ya karye. Hoton ƙashi kan nuna haka da wuri, baƙin layi siriri kewaye da ƙarfen, shi ya sa likita ke cewa a dawo ko ba a jin kome. Daga Hawandawaki, dawowar nan kuɗin mota ne na mutum biyu, mara lafiya da mai jinya.