Sinimar Palace: Gidan kallon da aka yi wa ruwan duwatsu a Kano, daga baya ya zama asibiti

Matan da ke kai 'ya'yansu asibiti a unguwar Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, ba kowace ce ta san cewa a wannan wurin ne aka taɓa yin sinima ta farko a cikin ganuwar birnin Kano ba. Sunanta Palace.

Kafin ita, harkar sinima ta 'yan waje ce. Rex, wadda aka buɗe a 1937, tana can bayan ganuwa ne, wajen da Turawa da Kwarori da baƙi 'yan kudu suke zaune. Mutanen birni sun fi sanin majigi, wato fim ɗin gwamnati da ake haskawa kyauta a fili don wayar da kai. Kallon da ake biyan kuɗi kuwa, da dare, maza da mata a haɗe, malamai da dattawa sun ɗauke shi aikin 'yan iska.

Ga shi kuma ba a daɗe da yin babban rashi ba. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu. Jama'a da dama sun ce fushin Allah ne. Ba a jima ba bayan haka sai ga sinima a ƙofar Kurmi.

Abin da ya ba ta gindin zama shi ne fada. Mai gidan yana da kusanci da Ciroman Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi, wanda ya zama Sarki a 1953. Wannan bai hana samarin unguwa jifan masu shiga kallo ba, har sai da aka sa 'yan doka suka riƙa kama su.

Sannu a hankali aka saba. Kamar sauran sinimomin wancan zamani, Palace fili ce marar rufi, don haka sai duhu ya yi ake kunna na'ura, ranar da hadari ya haɗo kuwa kallo ya lalace. Finafinan kaboyi na Amurka aka fara yayi, kafin na Indiya su ƙwace kasuwa. Soyayya, auren dole, waƙa da rawa: abubuwan da Bahaushe ya gani ya gane ko da bai ji yaren ba. Daga nan Kannywood ta gaji salonta.

Sai dai baƙin jinin gidan bai taɓa gushewa ba. Maƙwabta sun yi ta kukan cewa ya zama matattarar 'yan daba da masu shaye-shaye. A zamanin Sarki Ado Bayero aka rufe shi, aka mayar da ginin asibiti.

Sauran sinimomin Kano, irin su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, sun ɗan ƙara jan zango. Amma kaset ɗin bidiyo ya kai fim har cikin ɗaki, matan aure suka zama manyan masu kallo ba tare da sun fita ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 gwamnati ta rufe gidajen sinima na ɗan lokaci, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace finafinai. Gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu suka kwashe ragowar samarin.